Babi na 5: Kula da Ruwan Tanki da Jinyar Kifi

Darasi na 1: Ruwa sai ya kwana

Iyayena da 'yan uwana, sannunku da ƙoƙari. Wanda ya kawo wannan babi ya riga ya iya karanta lambar da ke jikin jarka, kuma da ita za mu yi aiki yau. A karanta a hankali, layi bayan layi. Wanda ya kakare ya koma farko, ba abin kunya ba ne.

Tarwaɗar da ke cikin tankinku a ruwan take ci, a ciki take kashi, a ciki take kwana. Kashin nan da ragowar abincin da ya nutse su ke ruɓewa, su haifar da wata guba mai suna amoniya. Ido ba ya ganin ta. Ruwa na iya zama garau, amma yana cin kifi. Shi ya sa ake canza ruwa.

To, a wajen canjin ne mutane ke faɗuwa. Ana zuba wa ruwan famfo sinadarin kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta. Mu yana kare mu, amma kifi yana ƙona masa wurin numfashinsa da ke gefen kai. Maganin abin ba ya cin ko kwabo: a tara ruwan a baho ko daro, a bar shi a buɗe awa 24, kulorin zai bi iska. Awa 24 na nufin idan kun tara bayan sallar Asuba yau, sai bayan Asubar gobe za ku zuba. Ba da Azahar ɗin yau ba, ba da Magaribar yau ba. "A buɗe" kuma na nufin babu murfi, babu faifai, babu buhu a kai. Jarka ba ta yi, bakinta ya yi ƙanƙanta.

Wani zai ce nasa ruwan na rijiya ne ko na burtsatse. Gaskiya ne babu kulorin a ciki, amma shi ma ya kwana, don ya sha iska, ɗuminsa kuma ya zo daidai da na tanki. Kifi ba ya jure a sauya masa zafi ko sanyi farat ɗaya.

Ga yadda ake yi:
1. A tara ruwa a baho, ya kwana.
2. A fitar da kashi 1 cikin 3 na ruwan tanki, daga ƙasa, inda dattin ke taruwa. Idan tankin na cin jarka 9, jarka 3 za a fitar.
3. A zuba ruwan da ya kwana sannu a hankali, ta jikin bangon tanki.

Wata baiwar Allah a ajinmu ta taɓa zuwa da 'yan kifinta a leda, duk sun mutu, cikinsu fari fat. An kawo ruwa cikin dare, ta ji daɗi, ta juye tanki kaf, ta wanke shi da sabulu, ta sa tiyo ta cika. Kafin hantsi ta yi asarar jarinta. Ba wauta ce ta sa ta ba, tsabta take so. Amma sabulu guba ne ga kifi, kuma ruwan bai kwana ba.

Na faɗa a aji, na rubuta a allo, mun maimaita tare, amma har yanzu ina zuwa gidaje in tarar da tiyo daga famfo kai tsaye cikin tanki. Haba jama'a! Baho ɗaya da haƙurin awa 24 ne fa. Ku ɗauki biro ku rubuta sau 3 a littafinku: Ruwa sai ya kwana.

Darasi na 2: Gane kifi mara lafiya

Tarwaɗa takan leƙo sama ta shaƙi iska ta koma, wannan halinta ne. Abin tsoro shi ne ta tsaya a miƙe, kai sama, ba ta motsi. Haka kuma idan ta ƙi abinci, ko gashin bakinta ya guntule, ko fari-fari ko jan miki ya fito a jikinta. Da kun ga haka, ku daina ba da abinci kwana 1 zuwa 2, yunwar ba za ta kashe su ba. Ku canza kashi 1 cikin 3, da ruwan da ya kwana. Wanda ya mutu a cire shi nan take a binne.

Darasi na 3: Wankan gishiri

A ware mara lafiya a baho daban. A narka gishiri cokalin cin abinci 3, a shafe, cikin ruwa jarka 1 mai lita 25, wanda ya kwana, a zuba a bahon kifin. Kada a watsa gishiri a jikin kifi. Kada a fasa kafso na mutane a zuba. Idan kwana 3 babu sauƙi, a nemi likitan dabbobi ko malamin gona.

Darasi na 4: Lokacin hunturu

Sanyi na rage wa kifi cin abinci, sai a rage abin da ake ba shi. A canza ruwa da rana, kada a yi da sassafe.