Yadda Ake Amfani da Alƙaluma Wajen Gano Abin da ke Motsa Kasuwar Giyar Inabi

Kafin a taɓa kwamfuta, dole mai bincike ya tantance abin da yake aunawa: farashi ne, ko kuwa yawan kwalaben da suka fita daga shago? Ba kullum biyun ke tafiya tare ba, domin giya mai tsada tana iya yin kwantai alhali mai araha na ƙarewa kafin mako ya zagayo.

Aikin Orley Ashenfelter, masanin tattalin arziki a Jami'ar Princeton ta Amurka, ya isa abin koyi. Farashi ya zaɓa, sannan ya tattara kuɗin da aka sayar da giyar yankin Bordeaux na Faransa a gwanjon Landan, ta shekarun girbi daga 1952 zuwa 1980. Dalilai huɗu kacal ya jera a gefen farashin: daɗewar giyar a ajiye, matsakaicin zafi daga Afrilu zuwa Satumba, ruwan sama daga Oktoba zuwa Maris (lokacin hunturun Turai), da kuma ruwan Agusta da Satumba, dab da girbi. Waɗannan huɗun sun bayyana kusan kashi 80 cikin ɗari na bambancin farashin, inda zafi da ruwan hunturu ke ɗaga shi, ruwan lokacin girbi kuma ke karya shi. A ganina, taƙaita dalilan shi ne ƙarfin aikin, domin wanda ya cusa dalilai ashirin a kan shekaru talatin zai sami lissafin da ya dace da jiya amma bai san gobe ba.

Mai alƙaluman shago zai iya bin wannan sawu da manhajar Excel, wadda ke lissafin dangantaka tsakanin alƙaluma. Sai ya ba kowane mako layinsa, ya rubuta farashi da rangwame da wurin da aka jera kayan. Amma ya yi hattara da Disamba: a Turai ciniki kan hau saboda Kirsimeti, kuma a lokacin ake yawan yin rangwame, don haka idan bai ware watan ba, zai jingina wa rangwame cinikin da biki ya kawo.

Daga nan sai gwaji. A ɓoye wa lissafin alƙaluman shekarar ƙarshe, a sa shi ya yi hasashenta, a kwatanta da ainihin cinikin. Ashenfelter ya yaba girbin 1989 tun giyar na cikin ganguna, a daidai lokacin da mashahurin mai ɗanɗanon giya Robert Parker ke yi wa hanyar tasa ba'a, daga baya kuma kasuwa ta sa shekarar cikin masu daraja.