Yadda Za Ka Shirya Lambun Gidanka Kafin Tafiya Ziyarar 'Yan Uwa a Ƙasar Waje

Da wuya a sami zuri'a a Katsina ko Daura wadda ba ta da wani nata a wajen ƙasa. Wasu danginsu na Maraɗi ko Damagaram, wasu na Makka da Jidda tun zamanin kakanni, wasu kuma 'ya'yansu ne suka tafi karatu ko aikin asibiti a Ingila da Amurka suka zauna can. Idan ziyara ta kama, ko don haihuwa ko biki ko jinya, hankalin mai tafiya yakan tattaru ne a kan fasfo da biza da kuɗin jirgi, sai ana gobe tafiya ya tuna da lambun bayan gida, ya kira wani yaro ya ce masa ya riƙa zuba ruwa. Irin wannan sallama ce take kashe dashen shekara biyu cikin mako uku. Abin da ke tserar da lambu shi ne a rage shi tun da wuri ya dawo daidai ƙarfin wanda za a bar wa, sannan a sauƙaƙa masa aikin ta yadda ko ya yi fashin kwana biyu ba za a yi asara ba.

Mataki na farko shi ne ka auna ranakun tafiyarka da yanayin shekara. Damina a yankinmu takan kankama ne daga Yuni zuwa Satumba, kuma ƙasarmu galibi jigawa ce wadda ba ta riƙe laima. Wanda yake da zaɓi, Yuli da Agusta ne suka fi masa sauƙi, domin ruwan sama zai ɗauke nauyin ban ruwa, abin da zai rage wa mai tsaro shi ne cire ciyawa da buɗe magudana. Hunturu yana biye, tunda sanyi yana rage ƙishin shuka ko da iska tana busar da saman ƙasa. Mafi wuya shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yakan haura digiri 40, rijiyoyi su ja baya, 'yan garuwa kuma su ƙara kuɗin jarka. Haihuwa da jinya ba sa jiran damina, saboda haka ba kowa ne zai iya zaɓen wata ba, amma kowa zai iya yin abu ɗaya: daga ranar da ka shigar da takardun neman biza, ka dakatar da sabon dashe. Bizar ziyara ta Ingila, alal misali, ana iya nemanta tun wata 3 kafin tafiya, kuma amsa takan fito cikin kusan mako 3, wanda ke nufin kana da isasshen lokacin shirya lambu idan ka fara tare da takardun. Haka nan katin rigakafin cutar shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka ka gama da shi da wuri, kada ya cinye maka makon ƙarshe.

Mataki na biyu shi ne ka zagaya lambun da takarda a hannu, ka rarraba abin da ke ciki. Itatuwan da suka kafu, kamar zogale da lalle da mangwaro ko lemun tsamin da suka haura shekara uku, saiwarsu ta yi nisa, ban ruwa mai yawa sau ɗaya a mako ko a kwana goma zai riƙe su. Ƙananan dashe waɗanda ba su kai shekara biyu ba, tare da gwanda wadda saiwarta ba ta nutsawa sosai, su ne dukiyar da za a kashe ruwa da kuɗi a kai, domin idan suka mutu shekaru ne suka tafi. Sauran kuwa, wato ganyaye da kayan miya, sai ka daure ka sallama mafi yawansu. Alayyahu yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, asararsa ba asara ba ce. A yanke, a ci, a aika wa maƙwabta. Kuɓewa tana bukatar a tsinke ta duk bayan kwana biyu ko uku, in ba haka ba 'ya'yan su ƙosa su zama itace, uwar kuma ta rage haihuwa, saboda haka idan babu mai wannan juriya gara a tsinke abin da ke akwai a yayyanka a shanya, a tuge sauran. Rama da yakuwa suna da haƙuri, musamman da damina, ana iya barinsu, kuma mai yakuwa yakan dawo ya tarar da zoɓo ya nuna. Tuge shukar da take da rai da hannunka abu ne mai ciwo, amma kowane fangali da ka rufe ka rage wa mai tsaro jarka ɗaya ko biyu ne a kullum, kuma wannan ragin ne zai sa ya ɗore har ka dawo.

Daga nan sai zaɓen wanda za a bar wa amanar, kuma a nan ne yawancin mutane ke tafka kuskure saboda kunya. Kusanci na gida ya fi kusanci na jini amfani a wannan aiki: maƙwabcin da ke katanga ɗaya da kai ya fi ƙanenka da zai hau babur daga wata unguwa kowace safiya. Mutum ɗaya za ka ɗora wa nauyin, ka ambaci sunansa a gaban mutanen gida, domin aikin da aka ce na kowa ne ba wanda yake yinsa. Ka yi masa magana a fili ba tare da kwana-kwana ba, kamar ka ce: "Malam, ga lambun nan na bar maka amana. Duk abin da ya nuna naka ne da iyalinka, ni dai waɗannan ƙananan mangwaro da gwandar nan nake so in tarar da ransu." Idan yaro ne ko almajirin da ke yi maka aiki, ka yanka masa ladansa tun kafin ka tafi, ka damƙa kuɗin a hannun wani babba ya riƙa ba shi mako-mako. Kuɗin ruwa kuma a ware shi daban, a lissafa jarka nawa ake bukata a mako, a ƙara wani abu a kai saboda tashin farashi ko lalacewar injin burtsatse.

Kada ka tsaya ga bayanin baki. A makon ƙarshe ka bar shi ya yi aikin da hannunsa kana tsaye kana kallo, domin a nan ne za ka gane cewa yana watsa ruwa ne a kan ganye yana wucewa, saman ƙasa ya jiƙe, ƙasan kuwa a bushe. Ka nuna masa yadda ake tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu: idan yatsan ya fito da danshi a bar shukar, idan ya fito da ƙura a ba ta ruwa. Itatuwan da ka fi damuwa da su ka ɗaura musu jan ƙyalle, domin wanda bai san lambun ba ba zai bambance dashen mangwaro mai aure da wanda ya tsiro daga ƙwallon da yara suka yar ba.

Ban ruwa shi ne ƙashin bayan shirin, kuma dabarar da ta fi dacewa da ƙasarmu tsohuwa ce, wato binne tulu. Ka sayi tulunan ƙasa a kasuwa, waɗanda ba a shafa musu fenti ko siminti ba. Kafin ka binne, ka cika kowanne da ruwa ka ajiye a inuwa na 'yan sa'o'i. Wanda bayansa ya yi gumi shi ake so, wanda ya tsaya a bushe ba zai shayar da komai ba, wanda kuma yake ɗiga yana da tsaga. Ka haƙa rami kamar kamu ɗaya daga gindin dashen, a hankali don kada ka datse saiwa, ka gauraya ƙasar ramin da ruɓaɓɓen takin turke, ka zaunar da tulun har wuya, ka mayar da ƙasa ka danna ta sosai ta manne da jikinsa. Bayan an cika shi a rufe bakin da faifai ko fasasshen kasko a ɗora dutse, saboda sauro da ƙadangaru. Ruwan yana tsatsowa ne gwargwadon bushewar ƙasar da ke kewaye, saboda haka ba ya ɓata, kuma saiwar da kanta za ta bi danshin ta nannaɗe tulun. Aikin mai tsaro ya koma ɗaga murfi ya leƙa ya cika, wanda yakan kama duk bayan 'yan kwanaki, gwargwadon girman tulun da zafin gari. Ya kamata a binne tulunan aƙalla mako biyu kafin tafiya, a ci gaba da ban ruwa na sama a kwanakin farko, har saiwa ta gano inda ruwan yake.

Manyan itatuwa kuwa a yi musu kwano mai faɗi daidai inda inuwar rassansu ta tsaya, domin a can ne saiwar da ke shan ruwa take, ba a jikin gindi ba. Shuke-shuken da ke cikin bokiti ko buhu a tattara su wuri ɗaya a gefen da rana ba ta dukansa da la'asar. Gorar roba da aka huda da allura aka kifa tana taimaka wa irin waɗannan, amma ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu, kada a dogara da ita. Duk durom ko tankin da za a tara ruwa a ciki a yi masa murfi mai nauyi, saboda ƙananan yara.

Bayan ruwa sai rufe ƙasa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa kaurin yatsu huɗu a kewayen kowace shuka, wanda zai rage ƙonewar laima ya kuma danne ciyawa. Sai dai gara tana son wannan shimfiɗa, shi ya sa dole a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da gindin itacen, a barbaɗa toka a wurin, a kuma gaya wa mai tsaro ya riƙa kankare duk ginin gara da ya gani yana hawa. Takin zamani, musamman yuriya, a dakatar da shi wata guda kafin tafiya, domin yana tunzura shuka ta fitar da sabon toho mai laushi wanda ke ƙara mata ƙishi yana kuma kiran darɓa. Idan akwai ƙwari, a daka 'ya'yan bedi kamar giram 50 ga kowace lita ta ruwa, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma. Maganin ƙwari mai guba kuwa kada ka bar shi a hannun yaro.

Shinge ma a duba shi tun daga ƙasa, domin akuya ɗaya da ta sami kafa za ta gama da abin da fari bai gama da shi ba cikin hantsi guda. Kowane ƙaramin dashe a yi masa nasa kewayen na ƙaya ko waya ko da akwai katanga, kuma idan tafiyar za ta ratsa farkon damina a kafa masa turke a ɗaure, saboda guguwar da ke zuwa gaban ruwan fari.

Abin da ka girbe wajen rage lambun shi ne rabin tsarabarka. Busasshiyar kuɓewa da garin kuka da zogale da yaji suna faranta ran wanda ya daɗe bai ci miyar gida ba, muddin an shanya su sun bushe ƙayau, an ƙulle a leda mai haske, an rubuta sunan kowanne. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa a bar su a gida idan Ingila ko Amurka ko ƙasashen Tarayyar Turai za a je, domin dokokinsu sun hana matafiyi shigar da nama daga ƙasashe irin namu, Ingila da Turai sun haɗa har da kayan madara. A Amurka wajibi ne ka bayyana duk wani abinci ko kayan gona da ke jakarka, kuma ɓoyewa ce ke jawo tara.

Kana can, ka nemi a riƙa turo maka hoto ta WhatsApp sau ɗaya a mako, a rana tsayayya kamar Juma'a. Kiran kullum yana gajiyar da mai tsaro, yana kuma sa ya ji ba a yarda da shi ba. A can ɗin kuma za ka ga shagunan iri da fakiti masu ɗaukar ido, sai ka yi hattara. Shigo da iri ko dashe Najeriya yana bukatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, da takardar shaidar lafiyar shuka daga ƙasar da aka ɗauko. Ko an sami izinin, yawancin irin ƙasashen sanyi ba ya yi a nan. Albasar arewacin Turai sai yini ya kai sa'a 14 zuwa 16 take yin kai, alhali yinin Katsina bai cika kaiwa sa'a 13 ba ko a tsakiyar shekara, saboda haka ganye kawai za ta yi ta fitarwa. Yawancin nau'in tuffa kuma suna bukatar dogon sanyi kafin su yi fure. Abin da ya fi cancanta ka ɗauko shi ne dabara da ƙananan kayan aiki, kamar almakashin aske rassa mai kyau, irin kuwa ka nema a gida wurin dillalan da aka sani ko ta hannun malaman gona na hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Katsina, KTARDA.

Ranar da ka dawo kada ka yi gaggawar tuge abin da ka gani ya bushe. Ka kankari ɓawon reshen da farce: idan ƙarƙashinsa kore ne itacen yana da rai, sai a aske busassun rassa a ci gaba da ba shi ruwa, taki kuwa sai ya fara toho. Ka sallami mai tsaro da cikon haƙƙinsa da tsarabarsa kafin ka fara ƙorafin abin da ya lalace, domin wataƙila shi za ka sake nema baɗi. Idan dawowar ta faɗo a ƙarshen Satumba ko Oktoba, lokacin renon albasa da tumatir ne. Tumatir yakan isa dashe bayan mako uku zuwa huɗu, albasa kuma bayan shida zuwa takwas, latas da karas kuwa a jira sanyi ya sauka a Nuwamba kafin a zuba su a fangalin da aka rufe.