Kurakuran da ɗalibai ke maimaitawa a kan zaɓen Amurka na 1912

Duk lokacin da darasi ya kai mu siyasar Amurka ta farkon ƙarni na ashirin, tun kafin in buɗe takardun ɗalibai na san abin da zan tarar. Kusan kowa zaɓen 1912 yake ɗauka, don shi ne mai daɗin labari: tsohon shugaban ƙasa ya yi wa wanda ya ɗora a kan kujera tawaye, jam'iyya ta dare gida biyu, an harbi ɗan takara amma ya tsaya ya gama jawabinsa. Labarin ana kawo shi daidai. Wajen bayanin yadda aka tsayar da 'yan takarar ne ake ɓarin, kuma kurakuran ba sa canzawa. Na gaji da rubuta gyara iri ɗaya a gefen takarda, shi ya sa na tara su a nan.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ɗaukar zaɓen fid da gwani na wancan zamani kamar shi ne ke ba da tikiti. Ɗalibi zai karanta cewa Theodore Roosevelt ya lashe jihohi 9 a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Republican, har da Ohio, jihar Shugaba William Howard Taft kansa, sai ya rufe littafi ya rubuta cewa magana ta ƙare, tikitin Roosevelt ne, Taft fashi ya yi. Wannan kuskuren ya taɓa cinye mini watanni ina ɗalibi. Na gina dogon bincike a kansa, malamina ya tambaye ni jihohi nawa ne suka yi irin wannan zaɓe, na rasa amsa, aka ce in koma in sake daga tushe.

Ga amsar da na rasa. A 1912 Amurka na da jihohi 48, kuma waɗanda suka bar talakan ɗan jam'iyya ya jefa ƙuri'a da hannunsa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. A sauran, daliget suna fitowa ne daga tarurrukan gunduma da na jiha, waɗanda manyan jam'iyya ke riƙe da ragamarsu. Sannan ga Kudu. A jihohi irin su Mississippi da Alabama da Georgia, Republican ba ta cin zaɓe ko kusa, amma suna zuwa babban taro da daliget masu yawa, kuma da yawansu mutanen da ke cin abinci a ƙarƙashin gwamnatin tarayya ne, shugabannin gidan waya da masu karɓar haraji, waɗanda naɗinsu ke hannun shugaban ƙasa. Wa kake zaton za su bi in ba Taft ba? Roosevelt ya san haka sarai, domin da wannan tsarin ya tsayar da Taft a 1908. Igiyar da ya murɗa da hannunsa ce aka ɗaure shi da ita.

Da aka hallara a Shikago a watan Yuni, kujerun daliget 254 ne ake rigima a kansu. Kwamitin uwar jam'iyya na ƙasa, wanda mutanen Taft suka fi yawa a ciki, ya ba Taft 235, ya ba Roosevelt 19. Daga nan aka zaɓi Sanata Elihu Root, wanda ɓangaren Taft ya tsayar, ya shugabanci taron da ƙuri'u 558 a kan 501, kuma duk mai ido ya san wasa ya ƙare tun a wannan ƙuri'ar. Taft ya samu tikiti da ƙuri'u 561, alhali 540 ake buƙata, daliget 344 kuma suka zauna suka ƙi jefa ƙuri'a bisa umarnin Roosevelt. To, an yi zalunci? A fahimtata an yi, amma ba a dukkan kujeru 254 ba. Da yawa daga ƙorafin ɓangaren Roosevelt, musamman na Kudu, ba su da tushe, an shigar da su ne don a nuna ana jayayya. Amma na jihohi kamar Texas da Washington ƙorafi ne mai nauyi, kuma da ratar ƙuri'u 21 kacal, kujeru kaɗan sun isa su sauya sakamako. Nan ne aikin ɗalibin tarihi yake. Wanda ya rubuta kalmar sata ya wuce bai yi komai ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mu da muka san ƙarfin daliget a siyasarmu ta gida, muka san ɗan takara na iya cika filin taro da jama'a ya faɗi a hannun mutum 'yan ɗari, mu ne ya kamata mu fi kowa saurin gane wannan. Amma da zarar an ce Amurka sai hankali ya tafi kan abin da ake gani a talabijin yau. Ni al'adata, kafin in rubuta layi ɗaya a kan kowane babban taro, nakan ja layi uku a takarda: daliget nawa ne gaba ɗaya, ta wace hanya kowace jiha ta fitar da nata, wa ke yanke hukunci in an yi jayayya. Wasu malaman sun fi son a fara da jawaban 'yan takara da manufofinsu. Ban hana ba, amma takardar da ba ta da waɗannan layuka uku ba na gama karanta ta.

Na biyu yana ɓangaren Democrat, kuma shi ma ganganci ne. Ana rubuta cewa Woodrow Wilson, gwamnan New Jersey, shi ne zaɓin jam'iyya tun farko. Ina aka samo wannan? Wanda ya shiga babban taron jam'iyyar a Baltimore da daliget mafi yawa shi ne Champ Clark na Missouri, kakakin majalisar wakilai. A zagaye na 10 na jefa ƙuri'a, da daliget ɗin New York da ke ƙarƙashin Tammany Hall, ƙungiyar iyayen gidan Democrat ta birnin New York, suka koma bayansa, ya haura rabin ƙuri'u. Da a taron Republican ne da an gama. Amma Democrat na da ƙa'idar cewa sai ɗan takara ya samu kashi biyu cikin uku, ƙa'idar da ta ba jihohin Kudu ikon tare duk wanda ba su so, kuma ba a soke ta ba sai 1936. Tun tsohon shugaban ƙasa Martin Van Buren a 1844 ba a sake hana wanda ya haura rabi tikiti ba, sai a kan Clark. Wilson bai samu nasa ba sai a zagaye na 46.

Waɗanda suka san wannan kuma sukan zarce su ce William Jennings Bryan, jigon da ya yi wa Democrat takarar shugaban ƙasa sau uku, shi kaɗai ya naɗa Wilson, da ya tashi ya ce ba zai bi wanda Tammany ke goyon baya ba. Matakin Bryan ya rage wa Clark kwarjini, babu musu. Amma ƙuri'un da suka kai Wilson gaci daga iyayen gidan siyasa suka fito: Thomas Taggart ya kawo Indiana, gwamnan jiharsa Thomas Marshall kuwa ya zama ɗan takarar mataimakin shugaban ƙasa, Roger Sullivan ya juyo da Illinois a zagaye na 43, daga ƙarshe aka janye takarar Oscar Underwood na Alabama. Ɗan takarar da ke wa'azin yaƙi da iyayen gida sai da ya bi ta hannunsu. Kuma wanda bai fahimci wannan ƙa'ida ba, ba zai taɓa gane yadda Democrat suka yi zagaye 103 a New York a 1924 kafin su tsayar da John W. Davis ba.

Sai masu sa wa jam'iyyun kayan yau. Ku daina rubuta cewa baƙar fata na bayan Democrat a 1912. Democrat ce jam'iyyar fararen Kudu da suka hana baƙar fata zaɓe ta hanyar harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu, kuma gwamnatin Wilson ce ta faɗaɗa wariyar launin fata a ofisoshin tarayya. Kada kuma a wanke Roosevelt: sabuwar jam'iyyarsa ta Progressive, da ta yi taro a Shikago a watan Agusta, ta ƙi ba baƙar fatan da suka zo daga wasu jihohin Kudu kujera.

Lissafin sakamako ma ana kwaɓa shi. Wilson ya samu 435 daga ƙuri'un wakilan jihohi 531, Roosevelt 88, Taft 8 daga Utah da Vermont. Amma a ƙuri'ar jama'a Wilson bai wuce kusan kashi 42 cikin ɗari ba, kuma yawan ƙuri'unsa bai kai na Bryan da ya faɗi a 1908 ba. Masu haɗa kashi 27 na Roosevelt da 23 na Taft su ce da ba a rabu ba lallai Republican ce, su yi hattara, don ba duk mai bin Roosevelt ne zai yarda ya zaɓi Taft ba. Eugene Debs na jam'iyyar gurguzu ya samu ƙuri'u wajen 900,000, a riƙa ambatonsa.

Ƙananan ba sa buƙatar dogon bayani. Theodore daban, Franklin Roosevelt daban. Franklin ɗan Democrat ne, a lokacin yana majalisar dattawan jihar New York, kuma Wilson yake mara wa baya. Babu dokar da ta hana wa'adi na uku sai 1951. Abin da aka riƙe Theodore da shi al'ada ce da alƙawarin da ya yi da bakinsa a 1904 cewa ba zai sake tsayawa ba. Mata sun yi zaɓe a jihohi 6, ba sai 1920 suka fara ba. Harbin da aka yi wa Roosevelt a Milwaukee ranar 14 ga Oktoba ne, bayan an gama tarurrukan tsayar da 'yan takara. Rantsar da Wilson ranar 4 ga Maris 1913 ce, ba Janairu ba.

Wanda ya ce zai gudu daga 1912 ya ɗauki 1920, ya sani tarko ɗaya ne ke jiransa. Leonard Wood da Hiram Johnson ne suka yi fice a zaɓen fid da gwani na Republican, Warren Harding na can baya, amma da Wood da Frank Lowden suka cije a Shikago, Harding aka tsayar a zagaye na 10. Zaɓen fid da gwani bai zama mai yanke hukunci ba sai bayan rikicin taron Democrat na 1968, da aka sauya ƙa'idoji don zaɓen 1972.