Yadda na gyara bot ɗinmu mai bin sharhin masu duba kod

Muna da bot (manhaja mai aiki da kanta) a GitHub, shafin da ake ajiye kod, da ke karanta sharhin masu duba kod, ya gyara ya tura, amma bayan ya tura gyaran, gwajin kod da ya kamata ya tashi da kansa ba ya tashi sam, mai dubawa kuma ya ƙi amincewa. Ashe abin da aka tura da GITHUB_TOKEN (tokin, wato makullin izini, da GitHub ke bayarwa kai tsaye) ba ya tayar da sabon aiki a Actions, sashen GitHub da ke gudanar da gwajin, da gangan GitHub suka yi haka don kar aiki ya yi ta tayar da wani aikin ba iyaka. Sai na haɗa masa GitHub App (manhajar da ake ba izinin aiki a GitHub) mai nasa tokin, gwaji ya dawo. Na kuma sa sharaɗi kar ya amsa sharhin kansa, in ba haka ba kwana zai yi yana gyara. Sharhin da tambaya ce kawai, mutum zai amsa.