Yadda zaka nuna wa ɗalibai zaɓin yanayi da wake kawai

Malam, zaɓin yanayi shine yadda halittun da suka fi dacewa da wurinsu suke tsira su haihu. Ɗebo farin wake da jan wake, ƙwaya 50 kowanne, ka watsa a jar ƙasa. Yara su zama tsuntsaye, ka basu sakan 20 su tsinta da sauri, in sun gama ku ƙirga saura zaka ga jan yafi yawa don ya saje da ƙasa ido bai kama shi ba. Kowace ƙwaya da ta tsira ƙara mata ɗaya, ta haihu kenan, a maimaita sau uku farin ya kusa ƙarewa. Abinda masanin halittu Charles Darwin ya bayyana kenan a 1859. Amma don Allah ka jaddada musu waken bai canza launi ba, wanda ya dace da wurin ne ya bar zuri'a, nan yara ke ruɗewa.