Yadda na gyara tayar da ke ta sacewa

Sati biyu motata tana ja hagu. Kullum mai faci zai bubbuga tayar ya ce, "Alhaji, iska ce," ya ɗura mata iska har awo ya kai 45. Bayan kwana uku ta sake kwantawa.

Na gaji, na sayi geji, abin auna iskar taya. Ashe 32 aka rubuta a takardar da ke manne a ƙofar direba, wato awon iskar da ya dace da tayar motar. Lambar jikin taya kuwa iyakar abin da za ta iya ɗauka ce.

Da sassafe, kafin taya ta yi zafi, na auna: 21. Na shafa ruwan sabulu a bakin bawul, wato inda ake ɗura iska, sai ga kumfa tana tashi. Aka canja bawul, aka mayar da ita 32, mota ta miƙe. Na duba safaya, ita ma ta sace.