Yadda ake tsara bincike kan hasashen nau'i a Python ta hanyar koyon na'ura

Tun da sigar 3.5 ta harshen rubuta manhaja na Python ta fito a 2015, bisa tsarin takardar ƙa'ida ta PEP 484, mai rubuta manhaja yana iya nuna nau'in kowane abu a kod ɗinsa: wannan int ne (cikakkiyar lamba), wancan str (rubutu), wancan kuma Optional[str] (rubutu ko babu komai). Sai dai ba dole ba ne, shi ya sa ɗimbin tsofaffin manhajoji suke zaune babu alamar nau'i ko ɗaya. Masu bincike suna son sanin ko na'ura za ta iya koyon cike wannan gurbi. Idan kana neman batun digiri na biyu a wannan fage, ga hanyar da nake ganin ta fi.

Ka fara da abin da ake iya yi ba tare da koyon na'ura ba. Roger Hindley a 1969 da Robin Milner a 1978 sun nuna yadda ake gano nau'i da ƙa'idojin lissafi zalla, kuma a kan aikinsu harsunan rubuta manhaja OCaml da Haskell suka ginu. Ka zauna ka rubuta ƙaramin mai gano nau'i irin nasu da hannunka. Daga nan ka karanta aikin Jeremy Siek da Walid Taha na 2006 kan sa nau'i sannu a hankali, domin shi zai fahimtar da kai matsayin Any a Python, wato alamar da ke karɓar kowane nau'i. A nan za ka ga inda ƙa'ida take cijewa: ba ta karanta sunaye. Mutum yana ganin user_name ya san rubutu ne a ciki, ita kuwa ba ruwanta. Wannan gurbin ne na'ura take shiga, tana koyo daga sunaye da bayanan da aka rubuta a gefen kod.

Sai ka ɗauki aiki ɗaya da aka wallafa ka sake gina shi. Akwai DeepTyper na 2018 da ya koya daga kod ɗin harshen TypeScript, da Typilus da TypeWriter na 2020, da Type4Py na 2022 daga jami'ar Delft ta ƙasar Holan. Ɗaya ya isa.

Mataki na uku shi ne tattara bayanai, kuma a nan ne bincike yake gyaruwa ko ya lalace. Rumbun ManyTypes4Py na 2021 wuri ne mai kyau na farawa. Za ka cire alamun nau'in da mutane suka rubuta ka ajiye su a matsayin amsa, sannan ka ba na'ura kod ɗin tsirara. Kafin haka, ka share maimaici. Mutane suna kwafar fayil daga wannan aiki zuwa wancan a GitHub, shafin da ake ajiye kod, kuma Miltiadis Allamanis ya nuna a 2019 cewa irin wannan maimaici yana kumbura sakamako. Na'urar da ta ga fayil a lokacin horo sannan ta sake haɗuwa da shi a gwaji kamar ɗalibi ce da ya ga takardar jarrabawa tun jiya. Saboda haka nan ma nake ba da shawarar raba bayanai aiki-aiki maimakon fayil-fayil, ta yadda duk fayilolin manhaja ɗaya za su faɗa ɓangare guda. Ka daidaita rubutun amsoshi, domin List[int] da list[int] abu ɗaya ne tun Python 3.9. Ka kuma cire Any daga cikinsu, ba ya koyar da komai.

Kafin ka horar da komai, ka auna hanya mafi sauƙi: ba kowane suna nau'in da ya fi yawan zuwa da shi a bayanan horo. Ka gwada pytype, mai gano nau'i na Google, shi ma. Duk abin da ka gina dole ya wuce waɗannan biyun.

Wajen awo, kada ka tsaya a adadi ɗaya. Nau'o'i irin su str da int da bool (i ko a'a) sun mamaye bayanan, har na'ura tana iya samun maki mai kyau alhali ta kasa a duk wurin da mai rubutu ya ƙirƙiri nau'insa na kansa. Ka ware sakamakon nau'o'in da ba kasafai ake gani ba ka nuna shi daban. A ganina wannan ne adadin da ya fi daraja, domin a can ne mai aiki yake buƙatar taimako.

Bayan haka ka mayar da hasashen cikin kod, ka tura shi ga mai tantance nau'i irin su mypy ko Pyright. Wannan ce dabarar TypeWriter: na'ura ta kawo zaɓuɓɓuka, mai tantance nau'i ya watsar da waɗanda suka ci karo da juna. Amma wucewa ba hujjar daidai ba ce, domin nau'i mai faɗi sosai yakan wuce alhali bai amfana wa kowa komai ba. Ka ɗebo wasu hasashen ba tare da zaɓe ba ka duba su da idonka.

Idan kuma za ka gwada manyan na'urorin harshe na yanzu, ka ɗauka sun riga sun haɗiye yawancin kod ɗin da ke buɗe a GitHub. Ka gina gwajinka daga ayyukan da aka fara bayan ranar da horonsu ya tsaya, sannan ka wallafa jerin ayyukan, da yadda ka raba su, da sigar mypy da ka yi amfani da ita.